Littafin da Dajin Birnin Gwari Ke Jira

Yau maganar littattafai za mu yi. Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ya yi ƙarfi a ƙasashen duniya, wanda ke ɗaukar kisan kai da aka yi ta maimaitawa, ya bi sawunsa har cikin ofishin 'yan sanda, ya nuna yadda cin hanci ke sa fayil ya ɓace, shaida ya yi gum, mai laifi ya koma gida ya ci gaba da abin da ya saba. Marubutan irin wannan labari ba sa yi wa mai karatu kwaskwarima. Gawa da jininta suke nuna ta, jami'in da ya ci amana kuma da kakinsa. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, ƙasar Birnin Gwari da dajinta suna buƙatar irin wannan rubutu da harshen Hausa, kuma hana shi ko gudunsa ya fi rubuta shi illa. Akwai masu ganin akasin haka, cikinsu har da hukumomi da dattawan kirki, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Za mu saurare su, mu ba su amsa gwargwadon hali.

Mu fara da ƙasar kanta, don kada maganar ta tashi a iska. Birnin Gwari tana yammacin jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Dajin Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma yana haɗe da dajin Kuyambana, ta yadda mai babur zai bar wannan jiha ya faɗa waccan bai taka kwalta ba. Ƙasa ce ta noma da kiwo, ga zinare a ƙarƙashinta. A watan Oktoban 2012 'yan bindiga suka afka wa Dogon Dawa da asuba, suka kashe kimanin mutum 20, da dama daga cikinsu masallata ne. A watan Maris na 2018 aka kashe sojoji 11 a yankin Doka. Ranar 5 ga Mayun wannan shekara aka shiga Gwaska, aka kashe aƙalla mutum 45, har da yara, aka cinna wa gidaje wuta. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, wadda ta bi ta Buruku da Udawa, ta taɓa kaiwa matsayin da direbobi ke jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su hau ta. A kan wannan hanya garin Kuriga yake, inda aka kwashe 'yan makaranta ranar 7 ga Maris 2024, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. Rahoton tsaro da gwamnatin Kaduna ta fitar da kanta ya ce a 2020 an kashe mutum 937 a faɗin jihar, an sace 1,972. A 2021 kuwa aka kashe 1,192, aka sace 3,348, kuma Birnin Gwari na cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi ci.

To, ku lura da wani abu a nan. A yawancin littattafan Turawa masu labarin kisa bayan kisa, makashin mutum ɗaya ne, ɓoyayye, yana zaune cikin jama'a ba wanda ya san shi, kuma daɗin littafin duka yana cikin gano ko wane ne. A Birnin Gwari ba a ɓoye sunayen suke ba. Yaran ƙauye sun san sunan jagoran 'yan bindiga Buharin Daji tun kafin Dogo Gide ya kashe shi a watan Maris na 2018, sun kuma san sunan Dogo Giden. Manoman da aka ɗora wa haraji kafin su yi shuka ko su kwashe amfanin gona sun san wa suke kai wa. Wanda ya sayar da gonarsa ya haɗa kuɗin fansa ya san muryar da ke kiransa a waya. Saboda haka marubucin da ya ɗauko tsarin Turawa yadda yake, ya ɓoye makashi sai shafin ƙarshe, zai rubuta abin da bai taɓa zuciyar kowa a Randagi ko Kuyello ba. Abin da ke a rufe a wannan ƙasa wani abu ne daban: yaya aka yi mutumin da aka san sunansa, aka san inda yake kwana, ya iya maimaita kisa shekara da shekaru? Wa ke cin riba daga wanzuwarsa? Idan an kama yaronsa, ina fayil ɗin ke ƙarewa? Wannan ita ce tambayar da littafin da nake magana a kai zai yi, kuma duk wanda ya bi ta da gaske, sawun zai fito da shi daga daji ya shigar da shi gari.

Dalili kuwa a fili yake. Ba a ƙera harsashi a Kamuku, ba a tace fetur a Kuyambana. Babur, katin waya, burodi, ƙwaya, duk daga gari suke shiga. Shanun sata ba sa cin kansu a daji. Mota suke hawa, su bi titin da ke da shingaye, su isa kasuwa, wani ya saya. Gwamnati ma ta yarda da haka, domin a 2021 matakan da jihar Kaduna ta ɗauka duk a kan gari suka faɗa: ta rufe kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawan babur, aka kuma katse layukan waya. Hausawa sun riga sun faɗa, da ɗan gari akan ci gari. A maƙwabciyarmu Zamfara, kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar ya shugabanta a 2019 ya ƙidaya fiye da mutum 6,000 da aka kashe tun daga 2011, kuma rahotonsa ya zargi sarakuna biyar da hakimai 33 da wasu jami'an tsaro da hannu a lamarin. Tsohon shugaban 'yan sandan ƙasa ne ya sa hannu a wannan takarda, saboda haka babu mai cewa ƙiyayyar kaki ce ta haife ta. Dajin ɗaya ne, 'yan bindigar ma sau da yawa su ne dai, suna kai da komo tsakanin jihohin.

A nan ne maganar cin hanci ta shigo, kuma ya kamata a fahimci yadda ɗan abin da ake miƙawa a shinge ke haɗuwa da gawa. A 2010 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da dogon rahoto a kan 'yan sandan Najeriya, inda ta bayyana yadda ƙananan jami'ai ke miƙa wani kaso na abin da suka tara ga manyansu, da yadda ake neman mai ƙara ya biya kuɗin mai da na takarda kafin a fara bincike. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2016, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda wata hulɗa ta haɗa su da ɗan sanda sun ba da cin hanci. A 2019 adadin ya sauko zuwa kashi 33. Saukowar abin a yaba ne, amma duk da haka mutum ɗaya ke nan cikin uku. Ku duba ma'anar wannan ga ƙauye. Shingen da ya saba karɓar na goro ya ɗaga sanda, ba ya buɗe buhu, kuma ranar da harsashi ke ƙarƙashin masarar ma ba zai buɗe ba. Matar da aka kashe wa miji, wadda ba ta da kuɗin motar zuwa caji ofis balle na mai, ƙararta ta mutu kafin a haife ta. Mutumin da ya ga an kama infoma yau, jibi ya gan shi a kasuwa yana shan shayi, ya koyi darasi: gobe ko a gabansa aka yi, bai gani ba. Haka kisa na biyu ke samun ƙofa, na uku ya biyo baya.

Wani zai ce wannan hasashen marubuta ne. To ga abin da ya faru da gaske, aka kuma yi shari'arsa a kotu. Ranar 6 ga Agustan 2019, jami'an rundunar IRT ta Sufeto Janar suka kama Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume, a garin Ibi na jihar Taraba, bisa zargin garkuwa da mutane. Suna kan hanya da shi sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, suka kashe 'yan sanda uku da wasu fararen hula, Wadume ya kuɓuta da ankwa a jikinsa. Kusan mako biyu bayan nan aka sake kama shi a Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankali a shari'ar takarda ce guda. Jami'an da suka zo kamun sun rubuta zuwansu a kundin ofishin 'yan sanda na Ibi, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, kuma wannan rubutu shi ne shaidar cewa aikin hukuma ya kawo su. Sai aka yage shafin. A watan Agustan 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke wa Wadume shekara bakwai, ta kuma yanke wa Sufeto Aliyu Dadje na ofishin Ibi shekara uku saboda taɓa wannan kundi. Sojojin da aka fara sanya sunayensu cikin tuhumar an cire su daga wannan shari'a tun da wuri. A 2024 Wadume ya fito, jama'a suka yi dafifi suka tarbe shi a Ibi. Shi kuma shugaban rundunar IRT na wancan lokaci, Abba Kyari, a watan Fabrairun 2022 aka miƙa shi ga hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka gurfanar da shi bisa zargin hannu a cinikin hodar iblis, zargin da ya musanta. Ku dubi wannan labari da kyau. Cikinsa akwai ɗan sandan da ya mutu a bakin aiki, akwai ɗan sandan da ya yage shafi don a ɓatar da sawun abokan aikinsa, akwai gari da ke ganin wanda ake tuhuma a matsayin mai taimakonsa. Ba a Birnin Gwari ya faru ba, amma duk mutumin Birnin Gwari zai gane kowane mutum a cikinsa.

Wasu al'ummomi sun shiga irin wannan hali, kuma marubutansu ba su yi shiru ba. A 1961 Leonardo Sciascia, mutumin tsibirin Sisili a Italiya, ya fitar da ɗan gajeren littafi mai suna Ranar Mujiya, a lokacin da manyan 'yan siyasa ke musun cewa akwai wata ƙungiya wai ita Mafiya. An harbe wani ɗan kwangila a dandalin gari yana ƙoƙarin shiga bas, fasinjoji suka watse, kowa ya ce bai ga komai ba. Wani kyaftin mai gaskiya ya bi diddigi har ya haɗa hujjoji, sai manya daga babban birni suka sa hannu, aka samar wa waɗanda ake zargi shaidun ƙarya, bincike ya rushe. Littafin bai ƙare da kama kowa ba, kuma ƙarfinsa ke nan, domin ya nuna wa mai karatu inda igiyar ke tsinkewa. A Ingila kuwa, Peter Sutcliffe ya kashe mata 13 tsakanin 1975 da 1980, 'yan sanda sun yi masa tambayoyi sau tara suna sakinsa. David Peace, wanda ya tashi a yankin, ya rubuta littattafai huɗu tsakanin 1999 da 2002 a kan waɗannan shekaru, kuma hankalinsa ya fi karkata ga ruɓewar ofisoshin da ya kamata su tsare jama'a fiye da shi makashin.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage, ko da yake mun yi sakaci da gadon. A 1978 Abdulƙadir Ɗangambo ya fitar da Kitsen Rogo, labarin saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun ɓarayin birni. A 1982 aka buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona harkar fasa-ƙwauri da yadda kuɗi ke sayen jami'ai, aka kuma buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma da gungunsa na masu kisa, littafin da bai ɓoye jini ba ko kaɗan. Abin lura, gasar da ta fito da waɗannan biyun na 1982 sashen al'adu na gwamnatin tarayya ne ya shirya ta. Wato fiye da shekara arba'in da suka wuce hukuma da kanta ta ba da kyauta ga littafin da ya tona cin hanci. Idan aka koma can baya, Kitabul Farƙi da ake jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa karɓar toshiya a wajen shari'a cikin alamomin mulkin zalunci. Kiran cin hanci da sunansa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma malamai ne suka fara ta.

Yanzu mu zo ga babbar hujjar masu adawa, wadda ta fi kowace nauyi: cewa nuna laifi koyar da laifi ne, kuma duk labarin da ya sa ɗan bindiga a tsakiya ya mayar da shi gwarzo. A kan wannan tunani ne Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a watan Satumban 2021, kuma a kansa ne hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tashar Trust TV tarar naira miliyan biyar a watan Agustan 2022 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Akwai gaskiya a cikin wannan tsoro. Saurayin da ba shi da aiki, ya ga hoton ɗan daji da bindiga a kafaɗa da damin kuɗi a gabansa, zuciyarsa na iya karkata. Sai dai wannan hoto ya riga ya isa wayarsa, domin 'yan bindigar da kansu suke ɗora shi a TikTok, ba su jira marubuci ba, kuma ba sa kai shi hukumar tacewa. Abin da hani ke toshewa shi ne ɗaya ɓangaren, wanda ɗan bindiga ba zai taɓa ɗauka da wayarsa ba: yaron da aka ɗora wa bindiga yana ɗan shekara goma sha uku, kwana cikin ruwan sama da ƙwaya a ciki, tsoron abokin da ke kwance kusa da kai, da irin mutuwar da Buharin Daji ya yi a hannun na kusa da shi. Abin da ke raba littafin da ke gyara da wanda ke ɓatawa shi ne inda marubuci ya tsaya. Idan ya tsaya a bayan bindiga yana jin daɗin ƙararta, ya cancanci suka. Idan ya tsaya a inda harsashin ya sauka, ya ba mamacin suna da gona da 'ya'ya da bashin da ya bari, ya yi aikin da rahoton alƙaluma ba zai iya ba. Ana iya tace littafi a kan wannan ma'auni ba tare da an haramta batun ɗungurungum ba.

Akwai kuma masu cewa irin wannan rubutu cin fuska ne ga 'yan sandan da ke mutuwa domin mu. Wannan magana tana da zafi, domin da gaske suna mutuwa. A watan Janairun 2021 aka yi wa 'yan sandan kwantar da tarzoma kwanton ɓauna a hanyar Birnin Gwari zuwa Funtua, rundunar ta tabbatar da mutuwar huɗu daga cikinsu. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba ta da 'yan sanda 400,000, ga ƙarancin mota da mai da kayan bincike. Amma ku koma kan labarin Ibi ku tambayi kanku wa yage shafin nan ya cuta. Jami'an da suka mutu ya cuta, da iyalansu. Ɗan sanda mai gaskiya shi ne farkon wanda cin hancin abokin aikinsa ke halakawa, domin shi ake tura wa daji bayan an sayar da sirrin tafiyar, shi kuma jama'a ke ƙin gaya wa gaskiya saboda abin da wani mai irin kakinsa ya yi. A kusan duk littattafan da na ambata, jarumin jami'i ne ko mai bincike da ya ƙi karɓa. Littafin da ya nuna kofur mai iyali, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, oga na jiran kasonsa, amma ya buɗe buhun nan duk da haka, ya fi kowace sanarwar manema labarai ɗaga darajar aikin.

Me ya sa sai ƙagaggen labari, ba a bar wa 'yan jarida da kotu ba? Domin ɗan jarida sai da suna da hujja, kuma a ƙasar da shaida ke kwana gida ɗaya da tsoro, suna na iya zama sanadin ajali. Marubucin labari yana iya ƙirƙiro gari da DPO da dillalin shanu da babu su a duniya, bai zargi wani ofishi ko wani mutum na zahiri ba, amma ya nuna yadda abin ke tafiya daki-daki, har mai sauraro ya gane shi a inda yake. Wannan kariya ce ga marubucin da kuma waɗanda suka ba shi labari. Sai dai akwai tarko guda da dole a kauce masa, shi ne mayar da labarin na ƙabila. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shafe shekaru yana bincike a kan 'yan bindigar Zamfara, ya nuna cewa cikin koke-koken da suka ingiza makiyaya akwai tatsar da suke cewa jami'ai da alƙalai da masu sarauta na yi musu, da kisan da 'yan sa-kai ke yi ba tare da shari'a ba. Wannan bai wanke wanda ya ƙona Gwaska ba, kuma babu koken da zai halatta kashe yaro. Amma ya nuna cewa rashin adalci ɗaya ne ya cinye Bafulatanin da aka kwashe wa garke da Bahaushen da aka kashe a gona. Marubucin da ya sa duk mugaye a ruga, duk salihai a gari, ya yi ƙarya, ya kuma ƙara wa wuta mai.

Hujjar da ta rage ita ce ta sulhu. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makamai, aka sake buɗe kasuwar kara bayan kusan shekara goma a rufe, motoci suka koma hanya, manoma suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Wanda bai taɓa kwana a daji yana gudun harbi ba bai kamata ya raina wannan ba. Masu cewa a bar tone-tone suna tsoron kada magana ta ta da abin da ya kwanta, kuma wannan tsoro na mai hankali ne. Amma sulhu da masu bindiga aka yi shi. Mai sayar da harsashi bai zo taron ba, mai sayen shanun sata bai ajiye komai ba, hannun da ke karɓa a shinge bai yi rantsuwa ba. Zamfara ta yi sulhu da Buharin Daji a ƙarshen 2016, ta sake yin wani a 2019, Katsina ma ta yi nata, kuma duk sun warware. Idan hanyoyin da suka ciyar da daji suna nan yadda suke, duk ranar da aka sami saɓani za su sake buɗewa. Sannan addininmu ya umarce mu da gaggauta suturta mamaci, kuma haka ake yi. Sau da yawa kafin rana ta faɗi an yi jana'iza, ba likita, ba hoto, ba rubutu. Gaggauta binnewa umarni ne, amma babu inda aka ce a binne sunan mutum da yadda aka kashe shi tare da shi, kuma ɓoye shaida zunubi ne da Alƙur'ani ya yi kashedi a kansa. Yafiya ma tana buƙatar a san abin da ake yafewa.

Saboda haka kirana ga matasan Birnin Gwari masu riƙe da alƙalami, maza da mata, malaman makaranta da ɗalibai da masu rubutu a waya: ku zauna da direbobin da suka bi hanyar nan a shekarun wuya, da matan da suka yi takaba, da makiyayan da suka rasa garke, da tsofaffin 'yan sandan da suka yi ritaya, ku saurare su da izininsu. Ku sauya sunaye da garuruwa don kada ku jefa kowa cikin haɗari, kada kuma ku ɗora wa wani mutum na zahiri laifin da kotu ba ta ɗora masa ba. Ku koyi yadda ake buɗe fayil, wa ke sa hannu a beli, ina ake ajiye kayan shaida, domin labarin da bai san aikin ofis ba ba zai gamsar da kowa ba. Ga hukumomin tace littattafai da finafinai kuma, roƙona shi ne ku karanta kafin ku hana. Ga masu shirya gasar rubutu da gidajen rediyon da ke karanta littattafai da dare, ku ba irin wannan labari fili. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a Dogon Dawa da Doka da Gwaska da sauran garuruwan ƙasar Birnin Gwari, ya zaunar da ƙasar lafiya.